Ni an toshe mini jijiyar ƙarin mahaifa: amsa ga 'yar'uwarmu ta Jega

Assalamu alaikum. Tun shekaranjiya na ga tambayar da Hajiya ta ɗora mana a madadin 'yar'uwarmu ta Jega wadda ta ce a sakaya sunanta. Ga waɗanda ba su gani ba: shekararta 33, haihuwarta ɗaya, yaron ya shiga shekara bakwai ba ta sake samun ciki ba. Al'ada tana kai mata kwana 12, da gudaji. An yi mata hoton ciki an ce ƙarin mahaifa ne, wato faibroid, har guda huɗu, likita ya ce sai tiyata. Ita kuma ta ji labarin wani aiki da ake toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin ba tare da an tsaga ciki ba, shi ne take tambaya ko gaskiya ne, ko ana yinsa a ƙasar nan, kuma ko shi ya fi dacewa da ita.

Na dakata ban amsa ba saboda na ga amsoshi sun yi yawa. Amma da na bi su har ƙasa, ban ga ko mace ɗaya da aka yi wa aikin ba. Ni an yi mini, yau shekara uku da 'yan watanni. Don haka ƙanwata, ki yi haƙuri da tsawon rubutun, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Gaskiya ne akwai aikin, ana yinsa a Najeriya, kuma ni ya yi mini rana. Sai dai abin da ya kai ni daban yake da abin da ke gabanki. Ni tsayuwar jini kawai na je nema. Ke kina neman tsayuwar jini, kina kuma neman haihuwa. Wannan bambancin shi ne ya sa na zauna rubutun nan.

Ni malamar makaranta ce a nan Birnin Kebbi, bayoloji nake koyarwa. 'Ya'yana biyar, biyun ƙarshe da tiyata aka ciro su. Bayan na yaye autana ne abin ya fara. Al'adar da na sani kwana biyar ta koma takwas, ta koma goma, har na daina sanin farkonta da ƙarshenta. Audugar mata ba ta awa biyu, sai na haɗa da tsumma, da dare kuma in shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado. A aji ba na yarda in juya wa ɗalibai baya sai na shafa bayan hijabina. Abin da ya fi cin raina shi ne salla. Malamar Islamiyyarmu ce ta warware mini cewa a mazhabarmu mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku a kan kwanakinta, muddin ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya jinin cuta ne, ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Na ji sanyi, amma duk wadda ta taɓa yin azumin watan Ramadan cikin zafin Kebbi jini yana zuba ta san abin da nake nufi.

Cikina ya turo kamar mai wata biyar. A gidan biki ana yi mini fatan sauka lafiya. Innar maigidana, Allah ya jiƙanta, ta tsaya kai da fata cewa ciki ne ya kwanta, a nemo maganin tada shi. Fitsari kuwa kowane lokaci, don ƙarin ya danne mafitsara. Ga haki in na hau 'yar matakalar ofis, ga jiri, ga wani irin kwaɗayin tauna ƙanƙara, wanda daga baya na gane alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce a jini.

Shekara guda cur na yi ina shan jiƙe-jiƙe da sassaƙe, har da wani na jarka da aka aiko mini daga nesa da alkawarin zai narkar da ƙarin cikin kwana arba'in. Ina koyar da yara yadda jini ke zagaya jiki, amma tsoron wuƙa ya fi ƙarfin ilimina. Ranar da na yanke jiki a bakin murhu aka kai ni asibiti, PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jini a jiki, 19, alhali na mace mai lafiya yana kamawa daga wajen 36 zuwa sama. Leda biyu aka ƙara mini. Hoton da aka sake yi ya nuna ƙarin ya ƙaru ne, bai ragu ba. Ina roƙon masu turo lambobin masu magani a ƙarƙashin tambayar nan su ji tsoron Allah. Ƙarin nan tsoka ce, irin naman mahaifar kanta, ba daskararren jini ba ne balle a ce wani ruwa zai wanke shi.

Likitan mata da ya duba ni ya yi mini magana ta gaskiya. Ya ce shekarata 43, na haihu biyar, ƙarin yana da yawa, babban ya kai santimita 9. Abin da zai raba ni da ciwon har abada shi ne a cire mahaifar. Ana iya fiɗe ƙarin a bar mahaifar, amma a irin nawa jini zai zuba sosai, ga tabon tiyata biyu a ciki, kuma yana iya sake tsirowa. Na yi kuka a gabansa. Ba haihuwa nake so ba, na gama. Zuciyata ce kawai ta kasa ɗaukar shiga ɗakin tiyata karo na uku da jinin da bai kai ya kawo ba. Shi ne ya ce akwai hanya ta uku, amma ba shi ke yi ba, kuma sai na yi tafiya. Ya rubuta mini gajeren sunanta na Turanci a takarda: UFE, wasu kuma su ce UAE, wato toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin. Ki riƙe haruffan nan, da su za ki yi tambaya a asibiti.

Ga yadda abin yake. Mahaifa tana da manyan jijiyoyin jini biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ƙari kuwa mayunwacin jini ne, rassan da ke shiga cikinsa sun fi na lafiyayyen nama faɗi, jini ya fi kwarara can. Ke da kike Jega kin san noman rani: in manomi ya datse bakin hanyar ruwan da ke shiga wani fangali, shukar ciki za ta yi yaushi ta bushe, sauran gonar kuma tana shan ruwanta. To haka ne. Likitan da ke aikin ba likitan mata ba ne, ƙwararren likitan hoto ne da ya koyi yin aiki ta cikin jijiyoyi. Zai huda jijiya a matsematsin cinya, wasu kuma a wuyan hannu, huda ƙarama wadda ba ta buƙatar ɗinki. Ya zura siririyar roba mai kaurin tsinken tsintsiya, yana kallon tafiyarta a allo da hoton eksire, har ta isa jijiyar mahaifa. Sai ya tura wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da lallausan yashi. Jini ya kwashe su ya kai rassan ƙarin, su cushe a can. Ya gama da ɓangare ɗaya ya koma ɗayan. Ƙarin ya rasa abinci ya mutu, ya yi ta motsewa a hankali. Ita mahaifar ba ta mutuwa domin tana da wasu ƙananan hanyoyin da jini ke iso mata.

Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce gwaji ake yi da mu. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake toshe jijiyar nan don ceton matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa. Wani likitan mata a Faris ta Faransa, Jacques Ravina, ya riƙa sa a toshe wa mata jijiyar kafin ya yi musu tiyatar ƙari don jini ya ragu, sai ya lura wasunsu suna samun sauƙi tun kafin ranar tiyatar ta zo. A 1995 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon. Ko Condoleezza Rice, wadda ta riƙe ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wannan aikin aka yi mata a 2004.

Ni a Legas aka yi mini, a wani asibitin kuɗi. Masu wannan ƙwarewar kaɗan ne a ƙasar nan, na'urar kuma mai tsada ce, don haka kuɗin miliyoyi ne, ya ninka na tiyata a asibitin gwamnati sau da yawa. Filin da na gada muka sayar, maigida ya ciko da bashin ƙungiyar ma'aikata. Ki ƙara da kuɗin mota ko jirgi, da masauki, da na wadda za ta yi jinyarki.

Kafin ranar sai da aka gyara jinina. Aka yi gwajin ƙoda saboda ruwan da ake ɗurawa a jijiya don ta fito a hoto, aka tabbatar ba ni da ciki, ba ni da ciwon sanyi a mara, aka ɗan ɗebi naman cikin mahaifa aka auna don a kore zaton ciwon daji, tunda na haura arba'in kuma jinin ya rikice. Sannan hoton MRI, wanda shi ke nuna yawan ƙarin da mazaunin kowanne da ko jini yana shigarsa. Duk wanda ya ce zai yi miki aikin nan bai bincika waɗannan ba, ki ɗauki jakarki ki fita.

Ranar aikin idona biyu. Allurar kashe wuri aka yi mini a cinya, da wata mai sa kasala. Ina jin maganarsu, ina ta salati, na ji wani ɗumi yana bin marata lokacin da suka tura ruwan hoton. Awa ɗaya da 'yan mintuna aka gama, aka manna 'yar filasta, aka ce kada in lanƙwasa ƙafar na wasu awanni.

Daga nan ne ciwon ya zo, kuma wannan ne masu tallar aikin ba su cika faɗa ba. Na haihu sau uku da kaina, na san naƙuda. Daren farko ya yi kusa da ita, sai dai ita naƙuda tana ba ki hutu tsakani, wannan kuwa murɗa ce mai ɗorewa. Naman da aka hana jini ne ke kuka. Sun ba ni allurai masu ƙarfi, na yi amai sau biyu, da asuba ya fara lafawa. Kwana ɗaya na yi a asibiti. Kwana huɗu zuwa biyar da suka biyo baya ina fama da ɗan zazzaɓi, da kasala, da rashin son abinci, wanda dama sun gaya mini zai faru. Sai da na kwana goma a gidan wata 'yar'uwarmu a Agege kafin na kamo hanyar gida, kuma ina ba duk wadda za ta je shawarar kada ta yi gaggawar dawowa. Hanyar Ilori da Mokwa da Kontagora zuwa Yawuri ba ta mai ɗanyen ciwo ba ce. Cikin mako na uku na koma aji.

Na yi kusan wata biyu ina ganin wani ruwa-ruwa mai launin ƙasa yana fita. Wata rana har wani ɗan nama ya faɗo, na tsorata na kira su, suka ce gutsuren mataccen ƙarin ne. Amma sun ja mini kunne: in zazzaɓi ya yi zafi, ko ruwan ya fara wari, ko ciwon mara ya dawo da ƙarfi bayan ya lafa, to asibiti a ranar, ba gobe ba, domin mataccen nama yana iya ɗaukar ƙwayar cuta, kuma a wasu ƙalilan hakan kan kai ga cire mahaifar cikin gaggawa. Shi ya sa tun kafin in tafi na haɗa likitana na nan da na can, kowa ya san da kowa.

Al'adata ta uku bayan aikin kwana biyar ta yi, ba gudaji. Na zauna a bakin gado ina kallon zanen da na tashi a kai fes, na yi ta hawaye. A wata na shida PCV ya kai 37. Hoton da aka yi ya nuna babban ya dawo santimita 7 daga 9. Da farko raina ya ɓaci, na ce duk wannan kuɗin santimita biyu? Sai da na zauna na lissafa kamar yadda nake koya wa yara: abu mai siffar ƙwallo in faɗinsa ya ragu haka, jikinsa gaba ɗaya ya ragu da kusan rabi. Kuma ya yi laushi, ya daina danne mafitsara. Yau shekara uku ina azumina cikakke. Amma ki lura, ƙarin yana nan a cikina. Ba a cire shi ba, kashe shi aka yi.

Yawancin matan da aka yi wa, wajen takwas zuwa tara cikin goma, jininsu yana daidaita. Sai dai ba kowa abin ke ɗore wa ba. A wani bincike da aka yi a Holan aka bi matan har shekara 10, kusan ɗaya cikin uku sai da aka dawo aka cire musu mahaifa, biyu cikin uku kuma suka tsira da tasu. Ni abin da ke taimakona shi ne shekaru: ƙarin yana rayuwa ne da sinadaran da ke kawo al'ada, in al'ada ta ɗauke shi ma sai ya lafa. Gada nake nema ta 'yan shekaru in haye. Ke kuwa kina da shekara goma sha biyar ko fiye a gabanki, lokaci mai tsawo da wani sabo zai iya tsirowa.

Yanzu maganar haihuwa. Jijiyar mahaifa tana da reshen da ke haɗuwa da ta ma'ajiyar ƙwai. Wani lokaci ƙwayoyin nan suna ɓacewa su bi can, su raunana ta, al'ada ta ɗauke kafin lokacinta. Ya fi faruwa ga waɗanda suka haura 45, ga matasa kaɗan ne, amma kaɗan ɗin ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman ɗa na biyu. Sannan shimfiɗar cikin mahaifa, inda ciki ke kamawa, ita ma tana iya taɓuwa. Akwai matan da suka yi ciki bayan aikin suka haihu lafiya, wannan ba ƙarya ba ne. Amma an ga ɓari ya fi yawa a cikinsu, da matsalar mabiyiya. A 2020 an fitar da wani bincike na Birtaniya a kan mata 254, aka kwatanta toshe jijiya da fiɗe ƙarin. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi sosai, waɗanda aka fiɗe wa ma sun ɗan fi jin daɗin jikinsu bayan shekara biyu, cikin da aka samu kuwa bai kai yawan da za a yanke hukunci da shi ba. Saboda haka har yau likitoci tiyatar fiɗe ƙarin suke gabatarwa ga mai son haihuwa, sai in tiyatar ta gagara ko tana da haɗari a kanta. Shi kansa likitan da ya yi mini aikin, tambayarsa ta farko ita ce: "Hajiya, kin gama haihuwa?"

Da ke ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, cewa zan yi ki koma wajen likitan da ya ce tiyata, ki tambaye shi wace iri yake nufi. Da yawa daga cikinmu da mun ji tiyata sai mu ɗauka mahaifar za a cire, mu gudu, alhali ƙarin kawai za a fiɗe. Ɗiyar yayata an yi mata a asibitin koyarwa na Sakkwato tana da shekara 31, bayan shekara shida da aure ba ko ɓatan wata. Yanzu 'ya'yanta biyu, duka ta tiyata aka ciro su saboda tabon mahaifar, kuma dama an gaya mata haka za a yi. Aiki ne da likitocin matanmu suka saba da shi, a Birnin Kebbi ma ana yi, ba sai kin sayar da gona ba. Yana da nasa nauyin: zubar jini, da jinyar wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, kuma ƙarin yana iya dawowa. Amma shi ne ya fi kusa da abin da kike nema.

Ki kuma tambaye shi ina guda huɗun nan suke zaune, domin mazauni ya fi girma muhimmanci. Wanda ya tsiro ta waje yana iya kai girman kwakwa bai hana ciki ba. Wanda ya leƙo cikin ramin mahaifa kuwa, ko kamar goro yake, shi ke kawo ambaliyar jini, shi ke hana ciki zama. Irin wannan in bai yi girma ba ana iya kankare shi ta gaba da na'ura mai kyamara, ba a taɓa fatar ciki ba. Kuma kada a ɗora wa ƙarin laifin shekara bakwai ɗin nan tun ba a duba sauran ba. A yi hoton bututun ƙwai a ga ko a buɗe suke, maigida shi ma a auna maniyyinsa. Na san faɗar wannan ga namiji sai an zaɓi lokaci da lafazi, amma ɗiyar yayata sai da aka yi wa mijinta kafin likita ya yarda ya taɓa ta.

Ga 'yan'uwa da ke karantawa waɗanda suka gama haihuwa, kuna iya tambayar likitanku ko kun dace da toshe jijiyar. Wadda kuma ba ta da halin zuwa, ko likita ya ce cirewa ce mafita, kada ta ɗauka an rage mata wani abu na mutunci. Abokiyar aikina an cire mata shekara takwas da suka wuce, aurenta lafiya lau, kuma ita ba ta zuwa hoton shekara-shekara da nake zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko wacce hanya za ki bi, ƙanwata, jininki ne farko. Mai zubar kwana 12 da gudaji da wuya a ce jininta bai yi ƙasa ba, kuma babu likitan da zai taɓa ki da jini ƙasa. Gobe in Allah ya kai mu ki je a auna PCV. Akwai ƙwayar ƙarfe ta ƙarin jini, akwai taranezamik asid da ake sha a kwanakin al'ada ya rage zubar, akwai allurar da ke tsayar da al'ada na 'yan watanni kafin tiyata don jiki ya farfaɗo. Duka likita ne zai rubuta miki, kada ki saya da kanki. Ki ci hanta da wake da zogale, ki raba shan shayi da lokacin shan ƙwayar domin yana hana ta shiga jiki. Amma abinci kaɗai ba ya cike tulun da ke yoyo, ni na gwada.

In kin karɓo sakamakon, ki duba takardar hotonki ki ga girman kowane ƙari da inda aka ce yake, ki turo wa Hajiya ta haɗa mu ta akwatin sirri. Zan taya ki tsara tambayoyin da za ki shiga da su wajen likita, don na san yadda kan mutum ke ɗaurewa in ya zauna a kujerar nan. Allah ya ba ki lafiya, ya ba yaronki ƙanne masu albarka.